Gudumomin Injin Niƙa da Suka Riƙa Karyewa a Agege: Nazarin Yadda Aka Auna Taurin Ƙarfe

Asalin lamarin

A Oko-Oba ta Agege, kusa da babbar mayankar Legas, akwai masu injinan haɗa abincin kaji da na kifi da dama, kuma a cikinsu akwai 'yan Arewa da suka fara da fataucin masara kafin su kafa injin kansu. Mutumin da wannan nazari ya shafa yana cikin irin waɗannan. Dattijo ne, kowa Alhaji yake ce masa, haka ni ma zan kira shi a nan. Injinsa irin mai guduma ne, wanda ba ya murza hatsi tsakanin faranti biyu kamar injin markaɗen unguwa, bugunsa yake yi har ya farfashe. A cikinsa akwai shaf mai juyawa kusan sau 3,000 a minti ɗaya, ɗauke da sanduna huɗu, kowace sanda an zura mata gudumomi shida, jimilla 24. Kowace guduma, wadda yaran injin ke ce wa hama, fallen ƙarfe ne mai tsawon milimita 150, faɗin 60, kaurin 8, nauyinta kimanin rabin kilo, da rami guda a gindinta inda sanda ke shiga. Da injin ya ɗauki gudu sai gudumomin su miƙe, su riƙa dukan masara da dusar waken suya da ƙonannen ƙashi da dutsen farar ƙasa, har garin ya bi ta rariyar ƙarfe da ke ƙasa.

Guduma aba ce mai cinyewa, dole a riƙa sauya ta. Waɗanda Alhaji ya saba saye daga waje ake kawo su, kuma saiti ɗaya yakan kai shi kimanin wata uku idan an juya bakinsu a tsakiyar wa'adin. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya yi tashin da ya sa Alhaji ya yanke shawarar a ƙera masa a gida. Ni ban shigo cikin lamarin ba sai a sati na 9. Abin da ya gabaci haka na samo shi daga littafin da yaron shago ke rubuta ranakun sauya guduma, da kuma bakin Alhaji da maƙerinsa. An yi dace yaran ba su zubar da komai ba, duk gudumar da aka cire a buhu guda ake jefa ta don a sayar wa 'yan jari bola.

Sati na 1 zuwa na 3: gudumomin da suka cinye

Saitin farko wani mai walda ne ya yanko shi daga fallen ƙarfe da aka sayo a kasuwar Owode Onirin. Ba a yi wa ƙarfen wani awo ba, illa an ɗaga shi an ji nauyi, an ƙwanƙwasa an ji ƙara. A rana ta 12 kusurwoyin gudumomin sun riga sun mulmule kamar bakin tsohuwar fartanya, buhunan da ake niƙawa a wuni suka ragu, gari yana fitowa da zafi, ita ma motar injin tana ɗaukar zafi. Aka juya bakin, wancan ma ya tafi a kwana 10. Mai waldan ya ƙona wasu sababbi har suka yi ja, ya tsoma su a ruwa, amma ba a ga wani bambanci a kwanakin da suka yi ba.

Sati na 4 zuwa na 7: ƙarfen sifirin da gwajin magagari

Daga nan Alhaji ya nemi wani maƙeri Bakano da ya daɗe a Agege yana ƙera wa mahauta wuƙaƙe da gatura. Wannan dattijo, wanda nake kira Baba, ya san sana'arsa. Da aka nuna masa ragowar fallen farko sai ya goga shi a giranda ya dubi tartsatsin, ya ga dogaye ne marasa rassa, ya ce wannan ƙarfen ko shekara zai yi a wuta ba zai yi tauri ba. Gaskiyarsa ce, domin ƙarfen gini na yau da kullum kabon ɗin cikinsa, wato sinadarin da ke cikin gawayi, bai wuce kashi 0.2 cikin ɗari ba ko kusa da haka, kuma kabon ne ke sa ƙarfe ya taurare idan an sanyaya shi da gaggawa. Baba ya zaɓi tsohon sifirin mota, wanda yawanci kabonsa yake kai kusan kashi 0.6 cikin ɗari, tartsatsinsa kuwa yana fashewa da rassa birjik.

Ya yanka sifirin, ya miƙar da shi a kan uwar maƙera, ya huda ramin tun ƙarfen yana ja, sannan ya sake ƙonawa a wutar gawayi ya tsoma a ruwa. Awon da ya dogara da shi shi ne wanda maƙera suka gada: a goga magagari a jikin ƙarfen, idan ya zame da ƙara kamar an goga shi a kwalba to ƙarfe ya yi tauri, idan kuwa ya ci to da saura.

Wannan gwaji tushensa ɗaya da ma'aunin da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812 don duwatsu, wato abin da ya fi tauri shi ke karce wanda bai kai shi ba. Mohs ya jera ma'adanai goma, daga mafi laushi mai lamba 1 zuwa lu'ulu'u, wato daimon, mai lamba 10. Farcen mutum yana wajen 2.5, gilashi wajen 5.5, dutsen da yashi ke fitowa daga gare shi kuma 7. Ma'aunin jeri yake nunawa kawai, wane ya fi wane, ba ya faɗin da nawa ya fi shi. Haka magagari yake: amsarsa biyu ce, ya ci ko bai ci ba, kuma fatar ƙarfe kaɗai yake taɓawa.

Magagarin Baba ya ci gudumomin. Sai ya ɗauka wuta ce ba ta isa ba, ya mayar da su, ya ƙara iska, ya bar su suka daɗe har launinsu ya wuce ja ya doshi ruwan ɗorawa, ya sake tsomawa. Magagari ya sake ci, amma da yake Alhaji na matse, aka ɗaura su a matsayin saiti na biyu a sati na 6. Niƙa ta yi kyau ƙwarai. A sati na 7 biyu suka karye, dukkansu daidai wurin rami.

Sati na 8: na'urar hannu

Wani ɗan ƙanin Alhaji da ke aiki a wata masana'anta a Ikeja ya aro na'urar auna tauri ta hannu, irin wadda Dietmar Leeb ya ƙirƙiro a Suwizalan a 1975. Kamar babban biro take. A cikinta akwai ɗan ƙarfe mai nauyin kusan giram 5 da rabi, da ƙwallo mai tauri a bakinsa, wanda ake harbawa ya bugi abin da ake aunawa ya dawo. Na'urar tana kwatanta saurin dawowarsa da saurin tafiyarsa, domin ƙarfe mai laushi yana shanye bugun, mai tauri kuwa yana mayar da shi da ƙarfi. Daga nan ta juya sakamakon zuwa lambar Rockwell, ma'aunin taurin da masu ƙarfe suka fi sani.

Saurayin ya ɗora gudumomin a kan bencin katako, da baƙin ɓawon wuta a jikinsu, ya auna. Lambobin suka warwatsu tsakanin 34 da 47, alhali ya ji ana cewa guduma mai kyau tana haura 55. Tun da na'ura ta faɗi abin da magagari ya faɗa, kowa ya gamsu cewa gudumomin ba su yi tauri ba, har aka danganta karyewar da rashin taurin. Baba ya ƙera saiti na uku da wuta mai zafi fiye da ta baya, ya zuba gishiri a ruwan tsomawa don ya ƙara masa kaifi.

Sati na 9: ranar da rariya ta yage

A rana ta 4 da ɗaura saiti na uku, da hantsi, guduma ɗaya ta tsinke tana tsakiyar gudu. Ta yaga rariya, ta lotsa murfin injin, ta karya wasu guda uku, wani ɓarɓashi kuma ya fito ta bakin zuba hatsi ya yanki yaron da ke tsaye a wurin a dantse. Allah ya taƙaita, ɗinki uku aka yi masa. Injin ya tsaya kwana uku, kuma a ranar ce Alhaji ya kira ni.

Abin da na fara nema shi ne buhun nan. Na ɗauki guntun da ya karye na kai shi hasken rana. Wurin karayar a shafe yake, babu alamar ƙarfen ya lanƙwasa ko ya miƙe kafin ya rabu, kuma fuskarsa tana ƙyalli da manyan ƙwayoyi kamar an barbaɗa sukari. A gefen ramin akwai ɗan wuri mai duhu kamar yankan farce, alamar tsagar ta girmi ranar haɗarin. Ƙarfe mai laushi ba ya karyewa haka. A can ƙasan buhun kuma na tarar da tsofaffin gudumomin waje guda biyar, waɗanda ba wanda ya taɓa gogawa da magagari ko ya ɗora wa na'urar hannu. Na ce wa Baba: "Baba, a yi haƙuri kada a sake hura wuta sai mun dawo daga awo." Ya amince, ya kuma ce zai bi mu ya gani da idonsa, abin da ya sa na ƙara ganin girmansa.

Sati na 10: ɗakin gwaje-gwaje

Mun kai samfuri huɗu ɗakin gwajin ƙarafa na wata babbar makaranta a Legas: gudumar mai walda, ta saiti na biyu, ta saiti na uku, da tsohuwar gudumar waje. Duk na'urorin da ke wurin a kan dabara ɗaya suke aiki, wato a danna wani abu mai tauri a jikin ƙarfe da nauyin da aka sani, sannan a auna gurbin da ya bari. Bambancinsu yana ga abin da ake dannawa, da yawan nauyin, da abin da ake aunawa a gurbin.

An fara da gudumar mai walda a na'urar Brinell, hanyar da injiniyan Suwidin Johan August Brinell ya gabatar a 1900. Ana danna ƙwallo mai faɗin milimita 10 da nauyin kilo 3,000 na daƙiƙa 10 zuwa 15, a ɗaga, a auna faɗin gurbin da ɗan madubi mai ma'auni a cikinsa, sannan a raba nauyin da girman fuskar gurbin. Namu gurbin ya fito milimita 5.2, wanda ya ba da 131, lambar ƙarfen gini sak, duk da ƙonawa da tsomawar da aka yi masa. Amfanin Brinell shi ne gurbinsa babba ne, yana haɗa wuri mai faɗi ya ba da matsakaici, shi ya sa ake son sa a zubin ƙarfe da manyan kaya. Haka kuma idan aka ninka lambarsa sau kusan 3.45 ana samun kiyasin ƙarfin ja da ƙarfen zai jure kafin ya tsinke, a ma'aunin megapascal. Amma bai dace da ƙarfe mai tsananin tauri ba, domin ko da ƙwallon tangistan ne, wanda ya fi na ƙarfe tauri, iyakarsa 650, kuma danna kilo 3,000 a kan guduma mai tsaga neman fasa ta ne.

Sauran ukun na'urar Rockwell aka kai su. Wasu Amurkawa biyu, Hugh Rockwell da Stanley Rockwell, su ne suka ƙirƙiro ta, aka ba su takardar mallaka a 1919. Ita zurfin gurbi take aunawa, kuma kai tsaye take nuna lamba a agogonta, babu buƙatar madubi ko lissafi. A ma'auninta na C, wanda ake rubutawa HRC, abin dannawa lu'ulu'u ne mai siffar jinka, kusurwarsa digiri 120. Ana fara ɗora kilo 10 don tsinin ya zauna daram, a mayar da allura sifiri, a cika nauyin zuwa kilo 150, sannan a janye ƙarin a karanta. Lambar daga 100 take farawa, duk ƙarin zurfin milimita 0.002 kuma yana rage ta da ɗaya, saboda haka ƙarfe mai 60 HRC gurbinsa milimita 0.08 ne kacal, wajen kaurin gashin kai. Wannan ƙanƙantar ce ta sa ma'aikacin ɗakin bai yarda ya ɗora gudumomin yadda muka kawo su ba. Sai da ya goge rabin milimita daga fuskar kowacce, yana zuba ruwa don kada zafin guga ya sauya taurin, ya share bayanta don ta kwanta sosai a kan teburin na'urar, ya kuma fara gwada na'urar da ɗan ƙarfen da masana'anta ta rubuta taurinsa a jiki. Ya bar tazarar gurbi uku tsakanin awo da awo, bai kuma matsa kusa da gefe ba.

Gudumar saiti na biyu ta ba da 61 zuwa 62 HRC, ta saiti na uku 62 zuwa 63, kuma lambar ɗaya ce daga baki har gindi, har da gefen rami. Tsohuwar gudumar waje kuwa ta ba da 57 a baki, ta yi ta sauka har ta kai 43 a gefen rami. Baba ya karɓi gudumarsa ya goga magagari a wurin da aka goge, ya zame da ƙara. Ya matsa gefe inda ɓawon wuta yake, ya ci. Ya maimaita har sau uku bai ce komai ba.

Don a gano abin da ke faruwa a fatar, aka yanki gudumar saiti na uku a tsaye, aka goge yankan har ya zama kamar madubi, aka kai shi na'urar Vickers. Wannan hanya Robert Smith da George Sandland ne suka samar da ita a kamfanin Vickers na Ingila a 1921. Abin dannawarta lu'ulu'u ne mai fuska huɗu kamar dalar gyaɗa, da kusurwar digiri 136 tsakanin fuskokin da ke duban juna. Gurbinta murabba'i ne, ana auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Fifikonta shi ne ana iya rage nauyin zuwa ƙasa da kilo ɗaya, a jera gurabe ƙanana daga gefe zuwa ciki kamar ɗinki. Da aka yi haka, gurbin farko da ke milimita 0.1 daga fata ya ba da wajen 300, aka yi ta hawa, sai a milimita 0.4 lambar ta tsaya a wajen 750, wadda ta yi daidai da 62 HRC. Wato gudumar tana sanye da siririyar riga mai laushi a kan jiki mai gautsi kamar tangaran. Iskar da ake hurawa a wuta ce ta ƙone kabon ɗin fatar, kuma yawan daɗewa a wuta yana ƙara kaurin rigar, yana kuma kumbura ƙwayoyin cikin ƙarfen, waɗanda su ne na gani suna ƙyalli.

Kafin mu tafi na roƙi a sake gwada na'urar hannu. Ƙa'idarta ita ce abin da za a auna ya kai kilo 5 da kaurin milimita 25, idan kuwa bai kai ba sai a manna shi da maiƙo a kan ƙarfe mai nauyi, fuskarsa kuma ta zama a goge. A kan benci, tsohuwar gudumar waje ma ta nuna 40 da 'yan kai a bakinta. Da aka shafa giris aka manna ta a kan teburin ƙarfe, ta nuna 55 zuwa 57.

Sati na 11 zuwa na 13: sauya hanyar ƙira

Yanzu mun san abin da muke nema: baki mai 55 zuwa 58, gindi mai 40 zuwa 45. Ni da Baba muka zauna muka sake tsara aikin da kayan da yake da su. Bayan an miƙar da sifirin ana binne shi a toka mai zafi ya kwana, ya huce a hankali ya yi laushi, sannan a huda ramin da injin huda ƙarfe a goge bakinsa ya zama sumul, domin hudar zafi tana barin ƙananan tsage-tsage. Ana ƙonawa da yamma a inuwa don ido ya ga launi sosai, a cikin gawayi mai zurfi da iska kaɗan. Ma'aunin zafin kuwa mayen ƙarfe ne: ƙarfe yana daina kama shi a digiri 770, sai a ƙara ɗan lokaci kaɗan ya kai 830 zuwa 860, a cire. Aka bar ruwa aka koma tsomawa a man girki mai ɗumi, wanda ke sanyaya ƙarfe a hankali fiye da ruwa, kuma ya ishi ƙarfen sifirin. Kafin gudumomin su kwana ana sa su a tandar gas ta masu gasa kek, mai agogon zafi, a digiri 200 na awa biyu. Wannan matakin ne Baba yake yi wa wuƙaƙensa da bakin wuta, amma ya tsallake shi a gudumomin saboda a zatonsa taurin ma bai isa ba, balle a rage.

Sassauta gindin ne ya ba mu wahala. Ana tsayar da guduma da bakinta cikin ruwa, a riƙa ƙona wajen ramin da wutar gas ana kallon launukan da ke bi ta gogaggen ƙarfen: ruwan kara a wajen digiri 220, ruwan ƙasa a 260, shuɗi a wajen 300. A gwajin farko mun tsaya a shuɗi, Rockwell ta ba da 52 a gefen rami, kuma da aka ɗaure gudumar aka buga ta da masaba sai ta karye. Tsakanin digiri 260 da 370 sanannen wuri ne da irin wannan ƙarfe ke rasa juriyar bugu, don haka dole a wuce shi. Bayan shuɗi babu sauran launi mai amfani, sai muka koma ƙidaya lokaci da agogo, muna aika samfuri ɗakin gwaji, har a karo na uku muka sami 58 a baki da 43 a gindi. Wannan da aka buga ta da masaba lanƙwasawa ta yi a wajen ramin, ba ta rabu ba.

Don kada a riƙa zarya zuwa ɗakin gwaji, Alhaji ya sayi saitin magagarai shida na awo, masu taurin 40, 45, 50, 55, 60 da 65 HRC. Ana goge ɗan wuri a baki da a gindin kowace guduma. A baki, na 55 ya zame na 60 ya ci. A gindi, na 40 ya zame na 45 ya ci. Wadda ta saɓa a ware ta. Ana kuma auna nauyinsu a sikeli a haɗa masu nauyi ɗaya a sandunan da ke fuskantar juna, don kada injin ya riƙa jijjiga.

Wata na 4 zuwa na 9: sakamako, da batun yashi

Saitin farko na sabuwar hanya ya yi sati 10 babu wadda ta karye. Na biyu kuwa a sati 6 ya cinye, har Alhaji ya fara zargin an koma gidan jiya. Magagaran awo suka nuna taurin bai sauya ba, Rockwell ma ta tabbatar. Sai muka juya ga abin da ake niƙawa. Muka wanke mudu ɗaya na sabuwar masarar da aka sauke a cikin roba, yashi ya kwanta a ƙasa har ana iya dangwalo shi da yatsa, alamar a ƙasa aka shanya ta. Dutsen farar ƙasa lambarsa 3 a ma'aunin Mohs, ma'adanin ƙashi 5, duka ba su kai bakin guduma ba. Yashi kuwa 7 ne, a ma'aunin Vickers ya haura 1,000, alhali bakin gudumar yana wajen 650. Aka sa rariyar tace yashi da mayen ƙarfe a bakin zuba hatsi, saiti na uku ya yi sati 11.

Hukunci

A ganina laifin bai rataya a kan hannun Baba ba, bai kuma rataya a kan na'urar hannu ba. Magagari ya faɗi gaskiya game da fatar da ya taɓa, na'urar ta faɗi gaskiya game da ɗan ƙarfe marar nauyi da ke tsalle a kan katako, sai dai ba ɗayansu da ya isa ga abin da ake tambaya, wato taurin jikin gudumar. Abin da ya fi yin ɓarna shi ne kurakuran biyu sun karkata gefe guda, sai aka ɗauki dacewarsu a matsayin shaida, aka yi ta ƙara wutar da ita ce ke haifar da fatar mai laushi da gautsin ciki. Da an ɗora na'urar a kan tsohuwar gudumar waje tun a sati na 8, lambar 40 da za ta nuna ta isa ta sa a tsaya a yi tambaya, kuma ina ganin da yaron nan bai ji ciwo ba. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai a duk lamarin.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar tauri da ƙarfi a matsayin abu ɗaya. Cinyewa alamar ƙarancin tauri ce, karyewa a shafe kuwa alamar ya yi yawa ne a inda ba a buƙatarsa. Babu ɗaya daga cikin Brinell, Rockwell da Vickers da ke auna juriyar bugu. Wannan aikin gwaji ne na daban, irin wanda Bafaranshe Georges Charpy ya gabatar a 1901, kuma bugun masabar da muka yi kwaikwayonsa ne kawai na maƙera. Rockwell ce ta warware tambayar farko saboda an goge fata kuma an auna wuri fiye da ɗaya, Vickers ce ta bayyana dalili saboda ita kaɗai ke iya bin kaurin rabin milimita taki-taki, Brinell kuwa ba ta ƙara mana komai a kan abin da tartsatsin giranda ya riga ya nuna wa Baba ba, illa ta sa masa lamba.

Abin da har yanzu ban gamsu da shi ba shi ne ƙarfen kansa. Tsohon sifirin ba iri ɗaya ba ne, wani kuma yana zuwa da tsagar gajiya tun daga jikin mota, wadda awon tauri ba ya gani, su kuma magagaran awo tazarar lamba biyar ce tsakaninsu, kuma suna dakushewa da amfani. Saboda haka muka tsayar cewa duk lokacin da aka sayo sabon sifirin, gudumomi biyu daga cikin 26 da Baba ke ƙerawa za su tafi ɗakin gwaji, ɗaya a auna ta da Rockwell a baki da tsakiya da gefen rami, ɗaya a karya ta a dubi ƙwayar cikinta, kafin a ɗaura sauran 24 a injin.